Ɗakin Hawa na Huɗu

Akwati biyu aka ɗora wa Shalele a mota ranar da za ta tafi jami'a. Na farko ita ta shirya abinta: tufafi, littattafai, takalma ƙafa biyu. Na biyu Umma ce ta shirya, kuma sai da Baba ya danne murfinsa da gwiwa kafin ya rufu. Rigar sanyi uku ce a ciki, da safa, da bargo, da gidan sauro, da jakar ruwan zafi, da gorar ruwa mai cin lita biyu, da magungunanta na kullum, kowanne Umma ta liƙa masa takarda ta rubuta lokacin sha, kamar Shalele ba shekara goma sha takwas ta yi tana shan su ba.

Yayyenta ne suka laƙaba mata wannan suna, kuma ba don yabo ba. Da sikila aka haife ta. Tun tana ƙarama ba a aikenta, ba ta wanki da ruwan sanyi, ba ta wasan guje-guje. In hadari ya haɗo, ita ake fara kira ta shigo ɗaki. A makarantar sakandare kuwa kowa ya san ta, har malamin da bai taɓa koyar da ita ba, in sun haɗu sai ya karkata kai ya ce, "Ya jikin?" Wannan tambaya ta ishe ta fiye da ciwon kansa.

Likitan da ke duba ta tun tana 'yar shekara huɗu ya rubuta mata takarda. Abu biyu ya nema: a ba ta ɗaki a ƙasa, kuma a buɗe mata fayil a asibitin makaranta tun kafin ciwo ya tashi. Umma ta naɗe takardar a leda ta danƙa mata a hannu.

"Ita za ki fara miƙawa. Kafin ki faɗi sunanki ma, ki miƙa ta."

"To, Umma."

"Kada ki ce mini to. Maimaita abin da na ce."

Baba ne ya kai ta. A ƙofar ɗakunan kwanan mata mai gadi ya tsayar da shi, ya ce maza ba sa wuce nan. Shalele ta shiga layi ita kaɗai. Matar da ke raba ɗakuna, wadda kowa ke kira Metiron, tana da murya irin ta mai shela. Yarinyar da ke gaban Shalele ta sunkuya ta raɗa mata wata magana, sai Metiron ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, "Fitsarin kwance? Da girmanki?" Layin gaba ɗaya ya tuntsire da dariya.

Da aka zo kan Shalele, takardar na hannunta. Ta dubi Metiron, ta dubi layin da ke bayanta, sai ta tura takardar cikin jaka. Aka miƙo mata makulli: hawa na huɗu, ɗakin ƙarshe.

"Uwata, kin ba su?" in ji Baba da ta fito. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"An gama komai, Baba."

Ya yi mata addu'a ya tafi. Ita ta ja akwatunan nan zuwa sama, tana hutawa a kowane hawa, tana yi kamar saƙo take dubawa a waya.

Su uku ne a ɗakin. Akwai wata 'yar aji uku mai karatun shari'a, ana ce mata Lauya, wadda ko gaisuwa ce sai ta ja ta ta zama muhawara. Akwai kuma 'yar gadon sama, sabuwa kamar Shalele, mai jin zafi ko da ana ruwa. Kullum taga a buɗe, fanka a lamba ta ƙarshe. Kwana biyu da zuwanta Lauya ta raɗa mata suna Mai Fanka, ya kuwa bi ta.

Makon farko ya yi wa Shalele daɗi ƙwarai. Ba wanda ya tambaye ta jiki. Da ta yi nawa wajen shara Lauya ta ce mata, "Ke, tashi, nan ba gidanku ba ne," sai ta ji kamar kyauta aka yi mata. Magungunanta ta juye su a gwangwanin alewa, tana sha in ba kowa.

Amma ginin nan ba ya san wasa. Ruwan famfo ba ya hawa sama sai ya ga dama. Kowace safiya sai an sauka da bokiti, a bi layi, a hauro da shi. Ɗakin lacca kuwa na mutum ɗari uku ne aka zuba ɗari biyar. In ba ka zo da wuri ba, a tsaye za ka yi awa biyu, in kuma ka fita ka rasa kujera. Banɗakin da ke kusa kullum a kulle, makullin na wajen mai shara, mai shara kuma ba a san inda take ba. Mai shan lita uku a rana ba ya zama awa huɗu wuri ɗaya. Sai Shalele ta rage shan ruwa. Daga baya ta daina fita da gorar ma, don ta ji wani saurayi ya ce wa abokinsa, "Wannan tanki ta ɗauko?"

Abinci kuma sai yadda hali ya yi. In ta fito lacca layin kantin ya kai bakin titi, ta kan sayi biskit da lemo ta ce ta ci.

Umma na kira sau biyar a rana.

"Kin sha ruwa?"

"Na sha."

"Gora nawa?"

"Ɗaya da rabi."

"Kin sa rigar sanyi? Na ga garin ya yi luf."

"Umma, garinku ne ya yi luf. Nan rana ake ƙwallawa."

"Kunna bidiyo in ga idonki."

Sai ta jingina da bango, nesa da taga, don kada Umma ta hango kan bishiyoyi ta gane inda take. Ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, Umma ta matso da fuska har sai hancinta ya cika wayar.

"Kamar ya yi rawaya."

"Hasken ɗakin ne."

Lauya na jin su wata rana, ta ce, "Wannan uwa taki, ko mai gabatar da ƙara ba ya tambaya haka. Me kika yi mata?"

"Haka take," in ji Shalele, ta kashe zancen.

A mako na biyar ruwan sama ya kama ta tsakanin ɗakin lacca da laburare, ranar Laraba, ta jiƙe sharkaf, kuma da jiƙaƙƙun kayan ta zauna wata laccar. Alhamis ta hau da bokiti biyu don tana da wanki. Tun la'asar ta fara jin wani ɗan tsami a ƙwaurinta. Ta san shi sarai, kamar yadda mutum ya san takun ɗan gidansu. Ta ce wa kanta gajiya ce. Gwajin lissafi ne gobe ƙarfe goma, gwajinta na farko a jami'a, ba za ta bari ya wuce ta ba.

Juma'a da safe ta sauko da ƙafa daga gado, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ciwon ya tashi daga ƙwauri ya kama gwiwa, ya haura ƙugu, kamar ana kwankwatsa ƙashin da guduma daga ciki. Ta durƙusa a ƙasa ta cusa bakin bargo a baki. Haka Lauya ta shigo daga wanka ta same ta.

"Ke, lafiya? Ciwon mara ne?"

Ta girgiza kai.

"To mene ne? Yi magana mana!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta cire bargon daga bakinta ta ce, "Sikila gare ni. Ya tashi."

Lauya ta yi tsaye da tawul a kai. Mai Fanka ta diro daga gadon sama, ta dubi fankar, ta dubi tagar, ta kashe ɗaya ta rufe ɗaya.

"Wata guda ina kunna miki wannan abu a kai," in ji ta. "Wata guda! Ba ki da baki ne?"

Su biyu suka sauko da ita, ɗaya ta riƙe kafaɗu ɗaya ta riƙe ƙafafu. Duk matakalar da suka taka sai ta ji ta a ƙashin bayanta. 'Yan mata suka firfito da buroshi a baki suna kallo, ana ta "Me ya same ta? Aljanu ne?" Abin da ta yi mako biyar tana gudu, ga shi ta same shi a hawa huɗu jere.

A asibitin makaranta mai ba da kati ya ce, "Lambar fayil?"

"Ba ta da shi," in ji Lauya.

"Ba ta yi rajista ba ke nan. Sai ta cike fom, ta kawo hoto biyu."

"Malam, dube ta fa. Ta yi maka kama da mai zuwa ɗaukar hoto?"

Da ƙyar aka kwantar da ita a benci. Nas ta zo ta auna zafin jiki, ta kawo ƙwayar ciwon kai guda biyu a ɗan kofi. Shalele ta ce cikin nishi wannan ba ta yi mata komai, ta faɗi sunan allurar da ake yi mata in ciwon ya kai haka, ta ce kuma a sa mata ƙarin ruwa. Nas ta ja baya ta ƙare mata kallo.

"Har sunan allurar kika sani? Irinku muna gani da yawa a nan. Me zai nuna mini sikila gare ki?"

Shalele ta runtse ido. Hawayen da suka zubo mata ba na ciwo kaɗai ba ne. Shaidar tana da ita, tana can ƙasan akwati, ƙarƙashin rigunan sanyi, inda ita da hannunta ta binne ta. Ta faɗa wa Mai Fanka wurin. Yarinyar ta kwasa da gudu, ta bar Lauya na karanta wa nas haƙƙin marar lafiya sashe-sashe, nas na cewa, "In kin gama shari'ar ki matsa mini."

Kusan awa biyu suka yi kafin likita ya fito daga zagayen marasa lafiya. Ya karanta takardar, nan take ya sa aka ba ta gado, aka ɗaura ruwa, aka yi allurar. Sai da ciwon ya ɗan lafa ya dawo ya tsaya a kanta, yana nuna kwanan watan da ke jikin takardar.

"Wannan ta fi wata guda. Da kin kawo ta ranar da kika zo, da sunanki na cikin littafinmu, da ba wanda zai tsaya yi miki tambaya yau. Gora nawa kike sha a rana?"

Ta kawar da kai.

"Na gani a jininki, ba sai kin faɗa ba."

Agogon bangon ɗakin ya nuna sha ɗaya da rabi. An gama gwajin lissafi.

Wayarta na hannun Lauya lokacin da Umma ta kira, kuma Lauya ba ta iya ƙarya ba sai a muhawara. Washegari kafin azahar Umma da Baba suka iso. Umma ta shafa goshinta, ta duba idonta, ta duba ledar ruwan. Ta karɓi makullin ɗaki ta fita. Bayan rabin awa ta dawo tana haki, ta zauna a bakin gado.

"Sittin da huɗu," in ji ta. "Na ƙirga su. Matakala sittin da huɗu, da bokiti a hannu. Kullum ina tambayarki, kullum kina ce mini lafiya. Ashe a kan gajimare kike kwana."

"Umma..."

"Na haɗa kayanki. Ana sallamarki gida za mu."

"Ba inda za ni."

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ni!" Shalele ta yunƙura za ta tashi, ciwo ya mayar da ita. "Na yi laifi, na sani. Amma kin san me ya sa? Na gaji ne. Na gaji da zama marar lafiyar gida, marar lafiyar aji, marar lafiyar unguwa. Mako biyar na yi ana ce mini tashi ki yi shara. Ba wanda ya leƙa idona sai ke, ta waya, sau biyar a rana, a gaban mutane!"

Umma ta gyara mata bargo.

"Yayanku na fari," ta ce a hankali, "shi ma da sikila, shekararsa tara. Ruwa ne ya dake shi a hanyar makaranta. Ya ce mini ba komai, ni kuma na yarda. Kwana uku ya yi muka rasa shi. Tun daga ranar ban ƙara yarda da ba komai ba, kuma ba zan fara a kanki ba."

Shalele ta san da labarin, amma ba ta taɓa jin sa daga bakin Umma ba. Haushin da take ji bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai sauka a kansa.

Baba, wanda tun shigowarsu yake tsaye yana murza hularsa, ya gyara murya.

"In mun tafi da ita, ciwon a nan zai zauna ya jira ta?"

"Aƙalla tana gabana."

"Yau tana gabanki. Gobe fa? Ni da ke ba dawwama za mu yi ba. Gara ta koyi riƙon kanta muna raye, in ta yi tuntuɓe mu taso, kamar yadda muka taso yau." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma Uwata, ƙarya kika yi mini a bakin ƙofar can. Ban ji daɗi ba. Mutumin da ke son a daina lallaɓa shi, shi ne zai fara kula da kansa."

Sai da aka kai ruwa rana kafin Umma ta sauko. Sharaɗinta uku: ɗaki a ƙasa, fayil a asibiti, da lambar Lauya a wayarta. Shalele ta nemi ɗaya: kira sau biyu a rana, ba bidiyo. Umma ta ce uku. Aka tsaya a uku.

Kwana biyar Shalele ta yi a gado. Ta ɗauka in ta fito da takardar komai zai tafi daidai, ashe yanzu aka fara. Metiron ta ce ɗakunan ƙasa sun cika tun makon farko, "da kin yi magana a lokacin." Ta ce sai da sa hannun ofishin kula da ɗalibai. A can aka ce takardar likitan waje ba ta aiki sai da hatimin asibitin makaranta. Mai hatimi ya tafi taro. Da aka samu hatimi, mai sa hannu ya tafi hutu, mataimakinsa kuma ya ce shi ba a ba shi izini ba. Kowane ofis da nisansa, kowanne sai ta sake faɗin ciwonta da bakinta a gaban baƙi, wani ya ce "Allah sarki," wani ya ce "Ai ba ki yi kama da su ba."

"Da wa ya kamata in yi kama?" ta tambayi Lauya a hanya. "Ƙaho ake so in fito da shi?"

Duk wannan lokaci a hawa na huɗu take kwana. Mai Fanka ta ɗauke mata ɗiban ruwa, ta kuma koma kwana da taga a rufe, tana gumi tana tsaki. Shalele na jin nauyin abin, amma ta koyi yin shiru ta ce na gode.

A ƙarshe ba ofis ne ya warware ba. Wata 'yar ajin ƙarshe ce a ƙasa ta gaji da hayaniya, tana neman inda za ta rubuta aikinta na kammalawa cikin natsuwa. Lauya ta ji labari ta haɗa su, suka yi musaya, Metiron ta sa hannu tana mita. Sai da Shalele ta tare ta gane dalilin gudun. Ɗakin na jikin wurin wanki ne, tun asuba ake buga bokitai ana rigimar layi, ƙofarsa kuma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Baba, da yake kafinta ne, ya zo da kayan aikinsa ranar Asabar, mai gadi ya ce maza ba sa wuce nan sai da takarda daga ofishin kula da ɗalibai. Ya koma da gudumarsa.

Saura maganar gwaji. Ranar Litinin Shalele ta sami malamin lissafi a ofishinsa, bayan ta yi sawu uku ba ta same shi ba. Ya saurare ta yana duba wasu takardu.

"Kowa da ya faɗi gwajina rashin lafiya yake cewa."

"Ni ban faɗi ba, Malam. Ban zauna ba ne. Ina kwance a asibitin makaranta, ga shaida."

Ya karɓa ya duba, ya ɗan sassauta fuska.

"To. Ki rubuto takardar neman uzuri ta hannun shugaban sashe, ki haɗa da wannan, kwafi uku. In kwamiti ya zauna za a duba."

"Yaushe zai zauna?"

"In ya zauna za ki ji."

Ta fito. Lauya na jiranta a baranda.

"Ya aka yi?"

"Kwafi uku. Da kwamiti."

"Mai kwafi na can bayan laburare, kuma ƙarfe biyu yake rufewa. In muka yi sauri za mu same shi."

Shalele ta dubi hanyar. Doguwa ce, ba inuwa, rana kuma ta take. Ƙwaurinta bai gama sakinta ba. Ta ja tsaki mai tsawo, ta nemi benci ta zauna.

"Ba zan yi sauri ba," in ji ta. "In ya rufe, gobe ma rana ce. Zauna ki faɗa mini yadda ake fara rubuta takardar nan."

Lauya ta zauna ta zaro biro.